Saitin Ram a Zafin Makera

Shekarar da na buɗe shagon haɗa bidiyon biki a Makera na kamu da wata cuta: ba na iya barin kwamfuta yadda na saye ta. Ram ne ya fi shan wahalata, wato 'yan sandunan nan biyu da kwamfuta ke ɗora aikin da ke hannunta a kansu. Na gano ana shiga saitin ciki a ƙara musu gudu, a kuma rage ɗan jiran da suke yi tsakanin umarni da umarni. Jiran nan da lamba ake auna shi. Ranar da na sauko da shi daga sha takwas zuwa sha shida, sai ka ce sarauta aka naɗa ni.

Da sassafe nake gwaji, kafin mutane su fara shigowa. Manhajar gwajin ta yi awa guda ba kuskure ko ɗaya, in fita sayen ƙosai ina hura hanci.

Maƙwabcina bakanike ne ɗan ƙabilar Ibo, ya girme ni nesa ba kusa ba, Hausa kuwa a bakinsa kamar a Kakuri aka yanke masa cibiya. Da ya aurar da 'yarsa, ni na ɗauki bidiyon. Mahaifiyarsa tana can ƙauyensu, tsufa ya hana ta zuwa, kuma ƙaninsa zai bi motar Asabar da safe ya kai mata a filash. In motar nan ta tashi babu bidiyo, sai Allah ya yi wani mai tafiya. Na bugi ƙirji na ce ya zo Alhamis ya karɓa.

Alhamis da azahar na sa kwamfutar ta fitar da bidiyon. Yana kaiwa rabi allo ya yi shuɗi, ta mutu ta tashi. Na sake, ta maimaita. Na zagi masu wuta, na zargi janareto, duk ba ruwansu. Washegari da safe gwaji ya fito tas, da rana ta sake watsa min ƙasa a ido. 

Na dawo daga masallacin Juma'a na tarar da maƙwabcin nawa a ƙofar shago, yana goge hannu da tsumma.

"Malam, how far? Mama ta bugo waya sau uku."

"Oga, wallahi na gwada ta, lafiyarta ƙalau."

"Yaushe ka gwada?"

"Da safe."

Ya shigo ya ɗora bayan hannu a jikin akwatin kwamfutar, ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufi da ke ta zubo mana zafi, sai ya fashe da dariya.

"Ni ba na saita kafireton mota inji na sanyi. Cold engine na liar, inji mai sanyi maƙaryaci ne! Sai mota ta yi zafi take faɗa maka halinta."

Kunya ta kama ni. A gabansa na kunna gwajin cikin zafin nan, ko minti goma ba a yi ba kurakurai suka jeru jajur. Na mayar da sha shida sha takwas, na rage gudun mataki ɗaya, zuciyata na ƙuna kamar ana rage min albashi. Shi kuma ya ɗauko fankar garejinsa, duk baƙin mai, muka buɗe gefen akwatin muka saita ta. Gwaji ya yi shiru. Bidiyo ya fita lafiya bayan la'asar, kuma duk gudun da nake taƙama da shi bai wuce bambancin 'yan mintoci ba.

Ran Lahadi da rana ya shigo sanye da kayan coci, ya manna min waya a kunne. Muryar tsohuwa ce tana ta zuba da yarensu, ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma daɗi ya cika ni.

"Me take cewa, Oga?"

"Faɗa take yi. Wai wa ya ɗaura wa jikarta ɗankwali a karkace?"

Yana dariya, hawaye na bin kumatunsa.

"Tun safe take kallo. Ta hana kowa taɓa talabijin ɗin."