Kalma Biyu a Kan Fosta Suka Kulle Mana Ƙofa a Gombe

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanwata, a wata Sharon da direbanta ya rantse mutum ɗaya ya rage. Mutum ɗayan nan sai da ya zama uku. Kuɗin mota kuwa ya kusa ninka na bara, kuma da na yi magana yaron mota ya ce in je in yi wa gidan mai ƙorafi. Ban biye masa ba, don raina fes yake. Zan je taron ƙaddamar da littafi na shida na Birnin Marasa Inuwa, in kuma ga mutumin da ke zana shi ido da ido.

Ga waɗanda ba su sani ba, labari ne na zane, hoto bayan hoto da magana a ciki. Wani sarki ya jinginar da inuwar talakawansa ga aljanun ƙarƙashin ƙasa don a ba shi ruwan sama, kuma duk matar da ba ta da inuwa ba ta haihuwar ɗa mai rai. Sai wata maƙeriya, Tabawa, ta ɗauki gudumarta ta tafi karɓo inuwoyin. Akwai yaƙi, akwai jini, akwai cin amana tsakanin wa da ƙani. Ni unguwarzoma ce, shekaruna da yawa a ɗakin haihuwa. A littafi na biyu an zana fuskar Tabawa lokacin da aka miƙa mata jaririnta a naɗe, ba kuka, ba komai, ta zuba wa bango ido kawai. Na san fuskar nan, na sha ganinta a wurin aiki, kuma ban taɓa samun wanda ya faɗe ta daidai ba sai mai zanen nan. Mu masu bibiyarsa Mai Fensir muke ce masa. Malamin zane ne a wata makarantar kuɗi a Gombe.

Mun wuce Wudil gari na wayewa. Bayan Birnin Kudu na ciro littafi na biyar ina bita, sai wani dattijo da ke gefena ya leƙo ya ce, “Hajiya, da girmanki kike kallon katun?” Na ce eh, Baba. Ya yi dariya ya koma barcinsa. Na saba da wannan. A wajen mutanenmu duk abin da aka zana na yara ne.

A Darazo muka tsaya muka sha kunu da ƙosai mai zafi, ƙosan ƙanana kamar an yi wa mai ciwon suga. Daga nan zuwa Dukku hanya ta gwada mana hali, direba yana kauce wa rami yana faɗawa wani, ga shingaye kowanne da mai miƙo hannu. A Dukku ƙanwata ta sayi fura da nono wajen wata Bafulatana, kindirmo na gaske, wanda ya sa na yafe wa hanyar rabin laifinta.

Gombe ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Tituna masu faɗi, masu keke napep ba sa cika baki a ciniki, kuma a keke ɗaya sai ka ji Hausa da Fulatanci da wani yaren da ban gane ba. Muka ajiye kaya gidan goggonmu a Kumbiya-Kumbiya, ta cika mu da masa da miyar taushe, muka yi azahar muka kama hanyar ɗakin taron da aka kama, can wajen unguwar GRA.

Mun tarar da ƙofa da kwaɗo. Mutane ƙalilan ne a gindin wata darbejiya, yawancinsu matasa, kowa riƙe da tsofaffin littattafansa da ya kawo a sa masa hannu. Wani saurayi ɗan Billiri, wanda ya ce tun safe yake nan, shi ya ba ni labari.

“Anti, fostar taron ce ta jawo aka kulle. Mai Fensir ya rubuta ‘na manya ne’ a ƙasa, don kada mutane su kwaso yara su zo su ga ana sare kai. Shi ke nan wani ya ɗauki hoton ya tura guruf ɗin waya na iyayen yaran makarantarsu, wai malamin ’ya’yanku yana buga littafin batsa.”

Na ji kaina ya yi zafi. Mutum ya yi abin da ya dace, ya ce wannan akwai mutuwa da jini, ku bar yara a gida, sai kalmar ta zama igiyar rataye shi. Tun yaushe “na manya” ya koma ma’ana ɗaya tak? Gado maganar manya ce, jana’iza ta manya ce, aikin da nake yi kullum na manya ne. Amma da zarar an haɗa kalmar da littafi ko fim, sai zukatanmu su ruga wuri ɗaya, sannan mu ɗora wa wani laifin abin da muka raya.

Mai ɗakin taron yana zaune a benci gaban shagon da ke jikin ginin, wani Alhaji mai farin gemu. Na je na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, “Baffa, ka buɗe littafin nan kuwa?”

“Ni ba na buɗe irin wannan, ’yata.”

“To ga shi a hannuna. Duba shafi ɗaya, duk wanda ka ga dama. In ka ga tsiraici ni da kaina zan ƙona shi a gabanka.”

Ya janye hannunsa kamar na miƙa masa garwashi. “Shi da kansa ya rubuta na manya ne. Ni na rubuta masa? Maƙwabta sun yi magana, ina da mutunci a unguwar nan.”

Na miƙe ban yi masa sallama ba, ƙanwata tana jan mayafina. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san abin faɗa. Mutum ne mai tsoron bakin mutane, ya yanke hukunci a kan abin da ya ƙi kallo, kuma yana jin ya yi aikin lada.

Saurayin nan ya raka mu gidan Mai Fensir a Manawashi, ɗaki biyu a gidan haya. Na yi zaton zan ga wani ƙato, sai ga siririn mutum mai tabarau da tabon tawada a yatsu. Katan-katan na sabon littafin suna jibge a tsakar gida. Matarsa ta kawo mana ruwa, idonta a kumbure. Da safiyar ranar aka kira shi makaranta aka ce ya zauna a gida sai an gama bincike.

Na zauna na faɗa masa duk abin da na ƙunso daga Kano. Na gaya masa zancen fuskar Tabawa, da yadda yake zana rana tsaka a birnin, ƙasa fari fat ba inuwar ko kaza, har mai karatu ya ji tsoro ba tare da an nuna masa aljani ba. Ya saurara yana murmushi kaɗan. Sai na tambaye shi zancen littafi na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe.

“Hajiya, ’ya’yana biyu a makarantar nan suke, albarkacin aikina. Na yi wa mai makarantar alkawari in ya mayar da ni na ajiye zanen littafin nan.”

“Ka ajiye har yaushe?”

“Na ajiye dai.”

Na so in yi masa faɗa, amma da wane baki? Ba ni zan ciyar da gidansa ba. Fushina ya koma kanku, ku da kuke karanta wannan. Kullum aka saki sabon babi kuna cika shafinsa na intanet da yabo da hoton wuta, kuna tura wa juna littattafansa a waya kyauta. Ranar da aka kira shi ɗan iska a bainar jama’a na duba, waɗanda suka buɗe baki suka ce ƙarya ne ba su cika keke biyu ba. Saura duk sun yi lif, kada a ce su ma suna karanta na manya.

Na sayi iya abin da jakata za ta ɗauka, ya sa min hannu a ɗaya. Washegari da safe goggo ta haɗa mu da dakakken yaji da man shanu, muka kamo hanya. Ban ga Dukku ba, ban ga Darazo ba, kaina yana cikin littafi na shida. Ya fi duk na baya. Na rufe shi muna shiga Wudil, muka iso gida bayan la’asar.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai daɗi ba ne. A wurinmu abin da aka zana ko dai na yara ne ko na ’yan iska, ba mu bar wa mai hankali wurin tsayawa a tsakani ba. Kuma son abu a ɓoye ba ya kare mai yin sa ranar da aka taso masa.

A shafin ƙarshe Tabawa ta isa ƙofar aljanun, matan birni suna bayanta da tsofaffin cikkuna, ta ɗaga guduma sama da hannu biyu. A ƙasa an rubuta za a ci gaba. Mutumin da ya san inda gudumar za ta sauka yana Manawashi yana jiran a kira shi ya koma koya wa yara zana kofi da mangwaro.