Sa Hannun Zacharias

Tawfiq ma'aikacin sashen kwamfuta ne a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, teburinsa na kallon nawa. Kullum daga Jikwoyi yake tasowa ta cikin cunkoson motocin Nyanya, amma ba ka taɓa jin ya yi mita. Ni kam ina yi, tawa da tasa.

Akwai wata 'yar manhaja da suka rubuta shi da abokinsa Zacharias, lokacin da mulkin farar hula ya zauna da gindinsa, gine-gine na tashi ko'ina a Abuja, kowane ofis na son shafin intanet. In ka shiga shafi da kalmar sirri, akan ba wayarka wata shaida don kada a yi ta tambayarka. Manhajar tasu ce ke buga wa shaidar hatimi yadda ba mai iya yin jabunta, ta kuma matse ta don ta wuce ko netwok na jan ƙafa. Kyauta suka sake ta, har a ƙasashen waje aka ɗauka.

Ƙa'idarsu ɗaya ce: ba a fitar da gyara sai su biyun sun sa hannu. Da fari ba wata wahala, ɗaki ɗaya suke haya, a bencin mai shayi ma sukan gama. Sai Zacharias ya samu aiki a Kanada. Saƙo ya fara ja baya, daga baya ya ɗauke ɗif.

Gyare-gyare suka taru, masu amfani da manhajar suka fara watsewa. Na ce masa haba Malam Tawfiq, mutumin da ko barka da sallah ba ya aiko maka, ka sake ta da sabon suna ka ci gaba kai kaɗai mana. Sai ya nuna min wani gyara, wai da Zak ya gani zai ce an yi dogon zagaye, an bi ta Zuba don a je Wuse. Yana faɗa yana dariya shi kaɗai. Wallahi kewar abokinsa ce ke cin sa, ba aikin ba. Haushi ya kama ni, tausayi ma haka.

Ran nan muna cin abincin rana Zacharias ya kira. Suka sha hirar iyali da sanyin can, sannan Tawfiq ya kawo maganar. Ina jin amsar daga inda nake.

"Au, abin nan na nan har yanzu? Cire sunana kawai, ɗan'uwa. Turo in sa hannu."

To, cire sunan ma gyara ne, sai da hannu biyu. Tawfiq ya rubuta ya tura. Kafin mu wanke hannu Zacharias ya sa nasa. Saura na Tawfiq, daga nan ba ya buƙatar jiran kowa.

Duk lokacin da na tambaye shi sai ya ce gobe. Har aka yi min canjin wurin aiki bai sa ba.