Neman Gidan Rayyis Haruna a Makka

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da mahaifiyata da ƙanwata, da niyya biyu. Ta farko umara. Ta biyu ita ce ta hana Inna sukuni tun da biza ta fito: neman labarin mahaifinta.

Kakan namu, Haruna, ya bar gida a ƙafa zamanin Turawa zai je hajji, matarsa na da cikin Inna. Bai dawo ba. Alhazan da suka dawo ne suka ce ya tsaya a Sawakin, bakin Bahar Maliya, ya koyi aikin ruwa har ya zama shugaban jirgin da ke tsallakar da alhazai zuwa Jidda, ana kiransa Rayyis Haruna. Mutumin da a gida, in ji kakarmu, ko kududdufi ba ya shiga. Inna ta girma da haushinsa, kuma ba ta ɓoyewa. Da jirginmu ya zo saman tekun ta daɗe tana leƙen taga, sannan ta ce, "Wannan ruwan ya zaɓa ya bar ni."

Bayan mun kammala umara mun huta, muka ɗauki tasi zuwa unguwar Mansur, inda Hausawa suka fi yawa. Kuɗin tasi a Makka da fuska ake yanke shi, in ka yi kama da baƙo sai ya ninku. Unguwar kuwa kamar an ɗauko wani yanki na Fagge an ajiye: ga fura, ga tsire, ga burodin tamis mai zafi ana dangwala wake da shi. Hausarsu rabi Larabci ce, kowace magana sai an liƙa mata "tayyib".

Da muka fara cigiya, wani mai shayi ɗan Maraɗi ya tura mu wurin tela, tela ya kai mu ƙofar masallaci wurin wani dattijo da aka haye da shi a jirgin Rayyis yana ƙarami. Ya ce ba ya manta yadda mutumin ke lallashin masu amai da Hausa, yana goya tsofaffi daga jirgi zuwa tudu. "Ya rasu da daɗewa, a nan Makka aka binne shi. Amma 'yarsa, Hajja Safiyya, tana unguwar Shisha."

Muka nufi can. Gidan bene ne, Inna ta hau tana hutawa saboda gwiwa. Jikokin gidan suka tarbe mu da Larabci zalla. Ita Hajja Safiyya kuwa tsohuwar Hausar Kano ce a bakinta, irin wadda na daɗe ban ji ba. Na yi mata bayaninmu. Ta ƙura wa Inna ido, ta ajiye butar shayi.

Inna ta ce, "Tambaya ɗaya na zo da ita. Ya taɓa ambatona?"

"Bai san sunanki ba," in ji ta. "Bai ma san mace ce ba. Kullum bayan salla yakan ce, Allah ya raya abin da na bari a ciki. Sau biyu ya yi shirin komawa, na farko aka haife ni, na biyu ciwo ya kwantar da shi. Daga baya kunya ta hana shi." Ta share ido da gefen mayafi, ta yi dariya. "Ni kuwa, Yaya, tun ina yarinya nake yi miki addu'a Allah ya ba ki mata tagari."

Inna ta yi dariya har ta koma kuka. Suka riƙe hannun juna, muka fita baranda muka ba su wuri.

Washegari suka tafi tare bakin katangar maƙabarta. Kaburburan Makka ba su da suna, Hajja Safiyya ta nuna sashen da hannu kawai. Inna ta ɗaga hannu ta ce ta yafe masa duniya da lahira.

Mun sauka Kano lafiya da dabino da zamzam. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne a tambayi tsofaffi tun suna raye, don rabin labarin gidanku yana iya zama a bakin wani da ba ku taɓa gani ba. Maƙwabta suka cika gida suna barka da dawowa, wata ta tambayi Inna ina tsaraba. Ta ce, "Ni da na tashi ni kaɗai, yau da furfurata na samo ƙanwa."