Bindigar da Na Zaɓa Ban Harba Ba

A shekarun da na yi ina aiki a wata gona kudu da Makka, babu abin da ya ƙona min rai kamar zomaye. Gonar ta wani dattijo ce ɗan ƙasa, ina kiransa Ammu, wato baffa da Larabci, shi kuma yana ce min Hajji. Daga ɗakinmu na unguwar Ka'akiyya a Makka nakan bi motar masu kawo kayan miya kasuwa idan za su koma, in sauka a bakin kwari in ƙarasa da ƙafa. Muna shuka barsim, ciyawar da ake yanka wa tumaki, da lalo da kuɓewa. Ruwa kuma yana bin siraran tiyo daga tankin rijiya zuwa gindin kowace shuka.

Shekarar da aka samu ruwan sama sosai a duwatsu, zomaye suka hayayyafa. Sai in iso da sassafe in tarar an aske kunyar lalo guda har ƙasa. Cin ganyen ma da sauƙi. Tiyon suke gaigaya don su sha ruwa, ni kuma in wuni a durƙushe ina ɗaure huji da roba, rana tana dukan ƙeyata. Na kafa tarko irin na gida, na kama kaɗan, sauran suka daina bi ta wurin. Na rataya gwangwanaye a igiya, suka yi ta ƙara, zomayen suna kiwo a ƙarƙashinsu.

Ranar da Ammu ya ga abin da suka yi wa sabon barsim, ya daɗe a tsaye yana dogare da sanda. Sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Bindiga za mu saya." Gonar tana bayan alamomin iyakar Harami, don haka hanin farauta bai hau kanmu ba, amma sai da ya sake tambayar limaminsu kafin ya natsu. Ya san mahaifina mafarauci ne a ƙauyenmu na ƙasar Kano, kuma na taso ina bin sa daji. Ya ce, "Kai ka san abin, ya Hajji. Kai za ka zaɓa."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Rabona da wani ya nemi shawarata a kan abin da ba fartanya ba, na manta.

Babban ɗan Ammu yana zuwa gonar ranar Juma'a da yamma. Shi ya riƙa nuna mana hotunan bindigogi a waya, muna zaune a ƙarƙashin rumfa muna shan shayi. Shi ya fi son babba, mai watsa ƙwayoyi, wadda zai iya fita da ita sahara da abokansa. Na ce ƙwayoyin za su gama da tiyon da zomaye suka rage mana. Abin da muke bukata ƙaramar bindiga ce mai siririn harsashi, marar ƙara da yawa, wadda ba ta naushin kafaɗa. A cikin ƙananan ma iri biyu ne: akwai wadda sai ka ɗana da hannu bayan kowane harbi, akwai mai ɗana kanta. Na tsaya a kan mai ɗana kanta, saboda zomaye tare suke fitowa, kana harbin ɗaya sauran sun watse, kafin ka ja ƙarfe ka mayar sun shige duwatsu.

Ɗan ya ce, "Ya Hajji, mai ɗana kanta ba ta son ƙura. Nan kuwa ƙura ce ko'ina."

Na ce, "Sai a riƙa goge ta."

Ya ce, "Wa zai goge?"

A raina na ɗauka ni ne. Juma'a bayan Juma'a muka yi ta wannan ja-in-ja, kuɓewa tana ƙarewa, har Ammu ya gaji ya ce maganata za a bi.

Ranar sayen, na bi su har ƙofar shagon, amma a mota na zauna. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, kuma wurin da ake tambayar takardu ba wurin shigata ba ne. Ammu ya yi ta kirana a waya daga ciki. Mai shago ya ce akwai mai jikin katako da mai jikin roba, wacce? Na ce wadda ta fi sauƙi a hannu. A sa mata madubin hange? Na ce a sa. Haka na zaɓi bindiga ina kallon bangon shago ta gilashin mota. Takardar izini kuma ta ɗauki lokaci kafin ta fito, da sunan Ammu, shi kaɗai.

A nan ne na gane abin da ya kamata in gane tun farko. Ammu ne zai yi harbin, mutumin da sai ya kai waya dab da hanci yake karanta saƙo. Muka fara fita da asuba. In shimfiɗa masa darduma bayan tanki, in tsuguna kusa da shi ina raɗa, "Ga shi can, Ammu, gindin dutsen nan, dama da tiyo." Kafin ya samo shi a madubi, zomon ya ƙoshi. Idan ya samo shi kuma, sai ya kuskure. Ya harbi ƙasa, ya harbi dutse, wata safiya ya huda babban bututun ruwa, na yi rabin wuni ina gyara. Maganar ɗansa ma ta fito, don bindigar ta fara maƙalewa da ƙura, ni kuma sai dai in tsaya ina faɗa masa inda zai goge.

Wata safiya zomaye suka fito fili suka zauna a tsakiyar barsim, kusa ƙwarai. Ammu ya sauke bindigar ya miƙo min. Ya ce, "Karɓi. Babu mai gani."

Na dube ta. Hannuna har ya ɗaga. Amma gonar maƙwabta tana da ma'aikata, hanya kuma ba ta da nisa. Idan aka ga baƙo marar takarda da bindiga, ba mayar da ni gida kawai za a yi ba. Ga matata da 'ya'yana, waɗanda a nan aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. Na ce, "A'a, Ammu. Riƙe abarka." Muka zauna muna kallon zomayen har suka gama suka tafi.

Daga baya ɗansa ya kawo ragar waya a bayan mota. Ni na haƙa ramin da aka binne gindinta, zagaye da gonar gaba ɗaya, a cikin ƙasa mai tsakuwa, lokacin zafi ya riga ya shigo. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Zomayen sun ragu, ko da yake ƙananan suna samun hanya. Lalon wannan shekarar dai bai kai kasuwa ba, kuɓewa kuma sai da muka sake shuka ta a makare.