Wasiyyar Sidi a Kan Gidan Garba

Shekara ashirin da shida ke nan. Ina shagona a unguwar Zahir, nan Makka, ina auna wa wata mata shinkafa, maƙwabcina mai tarho ya leƙo ya ce ana nemana daga gida. Goggona ce. Ta ce, "Rufe shagon ka taho, Sidi ya cika." Sidi muke ce wa kakanmu, Alhaji Ɗanladi, yadda yaran Makka ke kiran kakanninsu.

Bai bar dukiya ba. Magana ɗaya ya bari, ya yi ta nanata ta a jinyarsa: kada mu yanke zumunta da gidan Garba. A kanta nake wannan rubutu, kaina a ƙasa.

Sidi ya iso Makka da ƙafa daga Kano yana saurayi, bayan yaƙin duniya na farko, wanda shi yake kira yaƙin Turkawa. A hanya ya haɗu da Garba, mutumin Damagaram. Tare suka ƙetare teku, tare suka kafa bukka a unguwar Jarwal, tare suka shiga sayar da ruwa gida gida.

Yakan ce kafin yaƙi na biyu ya zo, ƙasar ta sake fata a idonsa. Ya tarar da mulkin Sharifai, ya ga wucewarsa, ya ga mutanen Najadu sun karɓa. Raƙuman da ke kawo alhazai daga Jidda suka fara ba wa mota hanya, masu raƙuma suka dawo suna neman dako. Su Sidi kansu suka ajiye salka suka ɗauki garwar kananzir. Aka yi shekarun da alhazai suka yi ƙaranci, gari ya bushe, shi da Garba suna raba gurasa ɗaya. Labarin man fetur kuwa, a baki suka ji shi. Daɗinsa bai iso Jarwal ba sai da suka manyanta.

A cikin shekarun nan sabuwar hukuma ta ce duk mazaunin da ke so ya zo a rubuta shi ɗan ƙasa. Mai karatu na yau zai ɗauka rububi aka yi. Ba haka ba ne. Mutanenmu da yawa sun ga karɓar takardar kamar sallama gida ne da iyaye. Sidi ya karɓa, don an yi masa haihuwa kuma ƙafarsa ta gaji. Garba ya ƙi. Ya ce shi baƙon Allah ne, baƙo ba ya zama ɗan gida, ya kusa komawa Damagaram. Sai yaƙi ya rufe hanya. Da ta buɗe, yana da mata da 'ya'ya biyar.

Na tashi na same su tsofaffi, suna shan shayi a ƙofar gida, suna tsiyar Kanawa da Damagarawa.

"Bawana, da takarda aka saye ka, ko goro ba a ɗora ba," in ji Garba.

"To ubangidana, yaushe ne tafiyar? Na ji an ce har yanzu ana dama maka fura a can," in ji Sidi.

Su yi ta dariya. Amma duk Juma'a daga tukunyarmu ake kai tuwo gidan Garba, kuma in ɗansa ya yi rashin lafiya, Sidi ne ke tsayawa a asibiti da takardarsa. Bai taɓa cewa Garba ya yi wauta ba. Cewa yake yi, "Hanya ɗaya muka biyo. Ni dai na riga shi gajiya."

Garba ya riga shi rasuwa. Bayan Sidi, mun riƙe wasiyyar na ɗan lokaci. Tuwon Juma'a ya koma na Salla, na Salla ya koma gaisuwa a masallaci. Da aka rushe unguwarmu don gina otal-otal, mu aka ba mu diyya muka kama gida a unguwar Rusaifa. Jikokin Garba ba su da abin nunawa, suka watse. Babu wanda ya yi faɗa da su. Babu kuma wanda a cikinmu ya tambayi inda za su kwana. Zumunta a ƙafa take, mu kuwa da muka sami mota sai muka daina zuwa.

Me Sidi zai ce da ya ga yau? Zai yi murna jikokinsa suna aiki a ofis, ruwa yana zuwa ta famfo. Na san kuma zai ji yadda 'ya'yanmu ke cewa "mutanen nan marasa takarda", da Larabci, kamar ba kakanninsu ne suka sha daga salka ɗaya ba. Ba su suka ƙirƙiro kalmar ba. A falonmu suka ji ta.

Abin da ya rage na Sidi a hannunmu shi ne zaman lafiyar da sa hannunsa ya jawo mana. Wannan mun ci shi mun ƙoshi. Abin da ya roƙa a madadinsa ne muka bari.

Bara wani direba ya gaya mini Hansatu, jikar Garba, tana zaune a bayan kasuwar Zahir, tana soya ƙosai, yaranta ba sa makaranta. Daga shagona ba nisa. Har yau ban je ba.