Ƙashin Ragon Layya da Na Ba Duna

Washegarin Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu a Azare ina wanke tukwanen suya, sai na ji wani irin kuka daga bayan turken awaki. Na leƙa, sai ga Duna, baƙin karenmu, yana birgima a ƙasa, yana kai ƙafafunsa na gaba yana yagar bakinsa. Bakin a buɗe yake, ya ƙi rufuwa, yawu na dalala har ƙirji, idanunsa sun yi jawur. Soso ya suɓuce mini, na kasa ko kiran Inna.

Duna yana ɗan kwikwiyo Baba ya ɗauko shi daga rugar wani amininsa a Bulkachuwa, don gadin awaki da gona. Bai taɓa shiga ɗaki ba, kaskonsa daban ne, kuma kullum Inna na ja mini kunne: "Kar ki bari ya sa baki a ƙwaryata." Ni aka ɗora wa ciyar da shi, ƙanzon tuwo da safe, ragowar miya da yamma. Da damina yakan bi amalankenmu har gona, ya yini yana korar kurege daga gyaɗa. Ranar makaranta kuwa sai ya raka ni har bakin katanga, ya zauna yana kallonmu muna 'yar gala-gala kafin a buga ƙararrawa. Aibinsa ɗaya, tauna. Silifas ɗin Baba, igiyar guga, ƙotar fartanya, babu abin da ya tsira.

A safiyar ranar, da Inna ta gama suyar ragon layya, na tattara ƙasusuwan haƙarƙari da suka soyu suka yi rumus, na cika masa kasko. Na tsaya ina jin yadda yake farfasa su, raina fes, wai yau Duna ma ya yi Sallah.

Da kukan Duna ya yi yawa, yayana Sale ne ya fara zuwa. Ya durƙusa zai riƙe shi, Duna ya juyo ya kafa masa haƙori a hannu, shi da bai taɓa ko yi wa ɗan gida gurnani ba. Inna ta ga jini, ta ga yawu, ta ce haukan kare ne. Kafin Baba ya iso daga masallaci maganar ta zaga unguwa, maza sun cika zaure da sanduna, wani har da taɓarya. Alhaji maƙwabcinmu ya matso kusa da Baba ya ce, "Malam Habu, akwai yara a unguwar nan." Baba ya daɗe yana kallon karen. Daga nan ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa ga katanga. Ina tsaye a ƙofar madafa, ban rufe ido ba, don ban yarda da gaske za su yi ba. Ba a ɗauki lokaci ba kukan ya tsaya.

Ana shirin jan gawar ne Oga Chidi ya iso. Mutumin kudu ne mai sayar da kayan babur, ya daɗe a Azare har yana gaisawa da Fillanci, kuma yana da karnuka biyu a gidansa. Ya tsuguna ya dubi Duna, ya tambaya, "Me ya ci yau?" Ya naɗe hannunsa da buhu, ya sa kara ya buɗe bakin, ya ce, "Malam, zo ka gani." Ni ma na kutsa. Wani tsinken ƙashi ne ya gitta a saman bakin, ya cake tsakanin turamen haƙora biyu, ya huda dasashi. Oga Chidi ya zaro filaya daga aljihu ya fizgo shi. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsana ba. Masu sanduna suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ba shi wannan?" in ji Baba.

"Ni ce, Baba."

Na runtse ido ina jiran mari. Sai na ji ya ce a hankali, "Da ni ne ma, da na ba shi."

Oga Chidi ya yi mana bayani a tsaye, ƙashin na hannunsa. Ya ce ƙashin da ya sha wuta, dafaffe ko soyayye, tsagewa yake kamar kwalba, na kaza ya fi muni. In za a ba kare, a ba shi ɗanye, babba, wanda ya fi ƙarfin bakinsa, in ya ci har ƙashin ya ƙanƙance a ɗauke. Ya kuma matsa wa Baba ya kai Sale asibiti a yi masa allura duk da haka, aka kai shi. Da la'asar Baba ya ɗora Duna a amalanke ya binne shi a gona. Na kwana uku ban iya sa naman layyar a bakina ba.

Yanzu ina da nawa gidan a hanyar Chinade, da nawa karen. A kanti har ana sayar da abin tauna na roba mai tauri, nakan murɗa shi da hannu in tabbatar ba ya ɓantalewa kafin in saya. Mahauta sun saba da ni, da sun hango ni sai su ware mini ɗanyen ƙashin cinyar saniya, kuma ina zaune kusa da karen har ya gama gwaguya. 'Ya'yana sun san wannan tun kafin su san karatu. A lokacinmu gidan cike yake da manya masu hankali da tausayi, amma babu ko ɗaya da ya yi tunanin leƙa bakin kare. Mun so shi iyakar saninmu, sanin namu ne bai kai ba.