Zoben Dala Ashirin a Littafin Habsatou

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a Malanville ya san shagon Habsatou Harouna, can bayan layin masu albasa. Shekararta talatin da uku, gajera ce, ga baki. Ka kawo mata katin biki da kuskure a sunan ango, za ta gyara, ta kuma sanar da kai a gaban jama'a cewa ta gyara. 'Yan kasuwar Gaya da ke tsallako gada su kan tsaya ta cika musu takardun duwan, wato na kwastan, su sha faɗa su tafi, gobe su dawo, don ba a taɓa maido takardar da ta fito daga hannunta ba. Ita ma ta san haka, kuma wallahi ba ta ɓoye sanin.

Ɗiyar Malam Harouna mai walda ce. A gindin teburinsa ta tashi, tana tattara guntayen ƙarfe tana jera su bisa tsawo. Shi ya kafe sai ta yi lakwal, wato makarantar boko, shi ya kai ta mota ranar da za ta Parakou karatun kwamfuta. A can ta koyi wani abu da ake kira LaTeX, manhajar tsara littafi: ba ka jan hoto da hannu ka ajiye inda ka ga dama, umarni kake rubuta mata, ita ta jera shafuka tsaf. Da ta dawo gida, sauran masu shaguna suna mata dariya wai tana wahalar da kanta. Ta ce su ci gaba da buga layuka a karkace, kowa da irin idonsa.

Shekarar da abin ya faru, ta ci karo a intanet da aikin wasu injiniyoyi da manoma na ƙasashe daban-daban. Sun ƙirƙiro keken noma, mai ƙafa ɗaya da haƙora, ana tura shi tsakanin layukan shinkafa yana tuge ciyawa. Sun zuba zane da bayani kyauta, kowa na iya ɗauka ya gyara ya buga. To amma wane maƙeri ne zai riƙe waya da hannu duk baƙin mai yana laluben shafi? Habsatou ta kwashe bayanan, ta bi da su ta wata manhaja, Pandoc, wadda ke juya rubutun intanet zuwa abin da LaTeX ke karɓa. Ta ƙara fassarar Hausa da Dandanci ƙarƙashin kowane zane. Littafi ya fito shafi arba'in, gwanin kyau, kowane hoto ya zauna daidai tsakanin gefe da gefe.

Alhaji Arziki, shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta Garou, ya gani ya yaba. Nan take ya ba Malam Harouna aikin keke goma sha biyu, da sharaɗin su iso kafin ciyawa ta rufe dashe.

Shi kuwa Malam Harouna, kamar yawancin tsofaffin masu walda na garin, ba ya bin lambobin boko. Zane yake shimfiɗawa a kan farantin ƙarfe, ya ɗauki ƙusa da guduma ya bi layi yana ɗigawa, ya ɗage takarda ya yanka. Shekara talatin da biyar haka yake yi, kuma ƙofofin rabin unguwa shaida ne. Ranar da Habsatou ta kai masa littafin, ya daɗe yana kallon shafin.

"Girmansa ke nan, Habsatou?"

"Shi ke nan, Baba."

Bai ƙara tambaya ba. Ya yanke na goma sha biyun duka a kwana uku.

Da aka zo haɗawa, boris ɗin da aka sayo a kasuwa, zoben ƙarfen da ƙafar keken ke juyawa a kai, ya ƙi shiga gurbinsa. Ramukan faranti ba su haɗu da na hannun keken ba. Ƙarfen ƙungiya guda ya tashi a banza. Alhaji Arziki ya zo da mutum huɗu, suka juya guntayen da ƙafa, aka yi maganganu marasa daɗi. Kafin la'asar zance ya kai tasha: idon tsoho ya tafi, a kai aikin Guéné wurin wani mai jini a jika. Kai, mutane! Waɗanda ke kwana bayan ƙofar da ya haɗa musu su ne kan gaba wajen cewa dama sun lura. Abin da kawai Malam Harouna ya faɗa shi ne hannu ne, wata rana ya kan kuskure.

Habsatou ta ji zafin maganar har cikin ranta, amma ko kusa ba ta kawo littafinta a ciki ba. Washegari da hantsi ta je wurin aikinsa, yana masallaci wajen jana'iza. Littafin na kan tebur a buɗe. A kan zanen gurbin boris ta ga wani zobe na baƙin mai, shatin boris ɗin kansa, ya kewaye zoben da ta buga ta waje. Wato Baba ya ɗora boris a kan takarda ya gani da idonsa. Ya san inda kuskuren yake tun jiya, ya yi shiru ya bar su suna cin mutuncinsa.

Ta ɗauko ma'auni: inda aka rubuta santimita ashirin, goma sha bakwai ta samu. Ta ruga shago ta buɗe fayil. Ga shi nan, layi ɗaya tak da ta rubuta da hannunta, tana umartar manhajar ta matse kowane hoto ya shiga faɗin shafi don littafi ya yi kyau. Injiniyoyin sun yi zanensu a girmansa na gaskiya, ita ta rage shi, wani da yawa wani kaɗan. Ita da ta girma tana jin ƙarar wannan ƙusa! Kunya ta kama ta, ta zauna ta yi kuka na ɗan lokaci, sannan ta share fuska ta rufe ƙofar shago da rana tsaka.

Ta cire layin. Manyan zanuka ta raba su shafi biyu-biyu da alamar inda za a manna. Littafin ya yi muni, ko a jikinta. Sai ta tuna cewa gobe wani zai kai shi fotokofi a Guéné ko Gaya, injin ya sake matse shi ba wanda ya sani. Ma'auni ba kowa ke da shi ba, amma tsabar dala ashirin tana aljihun kowa. Ta auna tsabar, ta sa manhajar ta zana zobe daidai girmanta a kusurwar kowane shafi, da rubutu a ƙasa: ɗora dala ashirin a nan, in ba ta cika zoben daidai ba, kada ka yanka.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ta hau kabu-kabu zuwa Garou, inda ƙungiya ke zama a rumfa. Ba wanda ya gayyace ta. Ta gaida Alhaji Arziki yadda ya kamata, ta shimfiɗa tsohon shafi da sabo a tabarma, ta ɗora boris a kan kowanne. Ta ce idon babanta ƙalau yake, ya yanka abin da ta ba shi ko gashi ɗaya bai kauce ba, kuma duk wanda ya ce ya ga alamar tsufa a aikinsa ya zo ya nuna mata. Ba wanda ya motsa.

"Laifina ne, Alhaji," in ji ta. "A gaban mutane aka zubar da sunansa, a gaban mutane nake so a maida masa."

Alhaji Arziki ya juya shafukan, ya laluba aljihu ya gwada tsabar da kansa. Asabar da safe sai ga shi a wurin walda da sabon ƙarfe a kan amalanke da mutanen nan huɗu, ya ba da haƙuri da murya mai ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Kekuna sun makara da mako guda, wasu gonakin sai da aka bi su da hannu, amma sun iso, kuma har yau suna aiki.

Daga baya ta aika gyaranta ga waɗanda suka ƙirƙiro keken, ta bayyana musu yadda ake yanka ƙarfe a Malanville. Suka karɓa, suka sa zoben gwaji a nasu bayanan, kowace ƙasa da tsabarta. Habsatou ta buga saƙon amsarsu ta manna a bangon shago, kuma duk mai jiran katin biki sai ya ji labarin ko bai tambaya ba.

Shi Malam Harouna bai taɓa tada zancen ba. Bara ta kai masa sabon littafi, na injin ɓarar masara. Ya karɓa ya shimfiɗa, ya cire hularsa, ya zaro wata tsohuwar dala ashirin daga naɗinta, ya ɗora a kan zoben ya sunkuya yana dubawa.

"Baba, wannan ni na buga shi da hannuna."

"Na sani, ɗiyata. Wancan ma ke kika buga."

Maganar ta soke ta, ta kuma ji daɗinta. Tsabar ta cika zoben daidai. Ya maida ta cikin hula, ya miƙa hannu ta ba shi ƙusa da guduma.